Yadda na bi diddigin kukan da ke fita daga sifikun motata

Motar Corolla ce ta 2006. Na canja mata rediyo, aka sa amfilifaya mai layi huɗu a but: layi biyu suna tura sifikun ƙofofin gaba, sauran biyun aka haɗe su suna tura wufa, wato babbar sifikar da ke fitar da dukan ganga, mai inci 12. Ranar da aka gama aikin sauti ya fita tas, don a gareji makulli kawai aka murɗa aka gwada, ba a tada inji ba. Sai da na hau titi na ji wani siririn kuka, wiiii, kamar sauro ya shiga kunne. Na taka totur ya ƙara tsini, na ɗaga ƙafa ya sauko, na canja giya shi ma ya canja murya. Ƙarƙashinsa kuma akwai wani shuuu da ba ya tsayawa, irin na rediyon da bai kama tasha ba. Duk wanda na ɗauka sai ya tambaya ko belin wani abu ne ya mutu. Mako biyu na yi ina fama da wannan, na je wurare huɗu, kuma kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin da na kashe asara ce tsantsa.

Akwai gwaji uku da ba su bukatar ko sukudireba, waɗanda da na yi su tun farko da na san inda zan dosa. Na farko, a kashe inji a bar rediyo a kunne. A wurina kukan sauron ya ɗauke, shuuu ɗin ya rage, alamar matsala biyu ce daban-daban. Na biyu, a tada inji a mayar da murya sifili. Nawa kukan bai ragu ko kaɗan ba, ma'ana ba ta cikin waƙar yake shigowa ba, bayan maɓallin murya yake shiga, wato tsakanin bakin fitar rediyo da amfilifaya. Na uku, a cire duk abin da aka soka a ramin caji, a sauya daga FM zuwa Bluetooth zuwa filashi, a ji ko akwai inda ya fi tsanani. Kukan da ke bin juyin inji kusan kullum sawun altaneta ne. Altaneta, wadda ke cajin batir, wutar AC mai kai-da-komo take haifarwa, dayod shida a cikinta, masu barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, suke mayar da ita DC irin ta batir, amma ba ta fita sumul. Tana fita da ɗan tudu-tudu, 36 a kowane juyi ɗaya a yawancin altanetocin ƙananan motoci. Tunda tana juyawa ninki biyu zuwa uku na inji, ko mota na tsaye tudun nan yakan kai wajen dubu a daƙiƙa, daidai inda kunne ya fi ji. Kowace mota tana da shi. Abin nema shi ne ƙofar da ya bi ya shiga cikin sauti.

Ban san wannan ba a lokacin, sai na koma wurin wanda ya yi aikin. Bai buɗe komai ba ya ce filta ce babu. Ya ɗauko wani ɗan baƙin akwati mai waya uku ya sa a wayar wutar rediyo, naira 5,000, kuɗin aiki 2,000. Muka tada mota, kuka na nan yadda yake. Bayan kwana biyu ya ce in sayo abin da ake sokawa a tsakiyar wayar RCA, wato wayar da ke kai sauti daga rediyo zuwa amfilifaya, don ya raba negetib ɗin rediyo da na amfilifaya, na saya 8,000. Wannan kam ya rage kukan sosai, amma ya tafi da dukan wufa. Ganga ta koma kamar ana buga kwali. Dalili shi ne ƙananan taransifoma biyu ne a cikinsa, kuma masu arha ba su iya wuce da sauti mai kauri yadda ya kamata. Na so in mayar, mai shago ya ce in kawo rasit, ni kuwa ban karɓa ba. Ba cewa nake abin ba shi da amfani ba, akwai inda shi ne kaɗai mafita, misali idan ana haɗa amfilifaya da rediyon da ya zo da mota. Amma a wurina rufe ciwo ya yi, bai warkar ba, kuma ciwon da ya rufe ɗin yana iya ƙona kaya.

Wuri na biyu wani dattijo ne mai wayarin ɗin mota da aka yi mini kwatance. Na isa ƙarfe tara na tarar da motoci uku a gabana, sai bayan azahar aka zo kaina. Ya zauna a kujerar direba, ya taka totur sau uku, ya kunna fitilu, ya kunna AC, ya taka birki, yana saurare bai ce uffan ba. Sannan ya ce wa yaronsa ya cire filtar da akwatin RCA ɗin duka. Na ce, "Baba, ai wannan ne ya rage kukan." Ya ce, "Alhaji, in ban ji shi da ƙarfinsa ba, ta ina zan san na kashe shi?" Tsarinsa daga baya yake farawa, daga but ya nufo dashbod, yana cire abu ɗaya a lokaci ɗaya. Ya kashe komai, ya zare wayoyin RCA daga amfilifaya, ya soka wasu kawunan RCA da ya yi wa soda, tsinken tsakiya haɗe da zoben waje, don kada bakin ya zauna a buɗe ya kwaso hayaniyar iska. Aka tada mota. Kukan ya ragu ƙwarai amma bai mutu ba. Ya ce tunda babu abin da ke shiga amfilifaya sai wuta, to wannan ragowar daga wutarta ce ko daga wayar negetib ɗinta, wadda ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota, su suna ce mata at.

Da aka ɗaga kafet sai ga abin kunya. Wayar wutar da ta taho daga batir mai kauri ce, lamba 4, amma at ɗin siririya ce, ba ta kai rabinta ba, tsawonta ya fi mita ɗaya, an tuɓe bakinta an naɗe a ƙarƙashin notin kujerar baya, a kan fenti. Notin kujera yana ruɗin mutane don yana da girma kuma yana kusa, amma tsakaninsa da ƙarfen mota akwai fenti da ɗan gam da ake shafa wa zaren notin, wani lokacin da tsatsa. Bai tsaya ga gani da ido ba. Ya ja doguwar waya daga kan negetib na batir har but, ya sa mita a DC, tsinke ɗaya a wannan wayar, ɗaya a bakin GND na amfilifaya, inda at ke shiga, aka ƙure waƙa mai duka. Mita ta riƙa tsalle har 0.7 volt. Ya ce kamata ya yi ta tsaya wajen 0.1 ko 0.2. Wannan awon ya fi awon ohm, wato na duba ko wuta na da hanyar wucewa, gaskiya, domin ko silin waya ɗaya ne ya taɓa ƙarfe mita za ta nuna maka hanya a buɗe take, sai an ja wuta mai yawa asiri ke tonuwa.

Gyaran bai ɗauki minti arba'in ba, amma kowane mataki da dalilinsa. Ya cire kan negetib na batir tukuna. Ya zaɓi wuri a kan ƙarfen ƙasan but, ya leƙa ta ƙarƙashin mota ya tabbatar babu tankin mai, bututun birki ko wayoyi a wurin kafin ya huda. A wannan motar tanki yana ƙarƙashin kujerar baya ne, kuskuren taku ɗaya ya isa. Ya goge fenti da samfefa faɗin kwabo har ƙarfe ya yi ƙyalli. Ya yanko waya lamba 4, daidai kaurin ta wuta, santimita 40, ya matse mata zoben ƙarfe a baki maimakon naɗe ta, ya sa wosha mai haƙora, ya ɗaure da noti sama da ƙasa, sannan ya shafe saman da giris don kada damina ta kawo tsatsa. Aka sake awo, mita ta tsaya 0.1. Da kawunan nan masu soda a jiki, amfilifaya ta yi tsit. Ya ƙara tabbatarwa da wayar salula: ya haɗa ta kai tsaye da amfilifaya da 'yar wayar da ke da kan iyafis a gefe ɗaya da RCA a ɗaya gefen, ba a caji, inji na aiki. Sauti ya fito garau. Na ɗauka an gama.

Aka mayar da wayoyin RCA na rediyo, kuka ya dawo kamar ba a yi komai ba. A nan ne na ji gwiwata ta yi sanyi, shi kuwa ko a jikinsa. Ya ɗauko wata RCA ɗin tasa ya shimfiɗa ta a kan kujeru daga dashbod zuwa but, nesa da kowace waya. Da kukan ya mutu, da laifin tsohuwar wayar ne ko hanyar da aka bi da ita. Bai mutu ba. Saura rediyo. Aka zaro shi daga dashbod yana aiki, don a ga ko kusancinsa da wasu wayoyi ne, babu canji. Aka zare eriya, babu canji. Sai ya ɗauki guntuwar waya ya taɓa zoben waje na RCA da baki ɗaya, ya taɓa gwangwanin rediyon da ɗayan. Kuka ya ɗauke ɗif. Ya ɗaga wayar ya dawo, ya taɓa ya ɗauke. Ya kashe komai ya sa mita a ohm tsakanin zoben da gwangwanin: maimakon ta nuna kusan sifili, sai ta nuna babu hanya sam.

Bayaninsa shi ne ya haɗa mini labarin. A cikin rediyo akwai siririn layi a kan allon, a wasu kuma ɗan mitsitsin fis ne, da ke haɗa zoben RCA da negetib. Abu biyu ke ƙona shi: a soka ko a zare RCA alhali kaya na kunne, ko kuma amfilifaya ta rasa at mai kyau. Wuta dole ta koma batir. Da notin kujera ya hana ta, sai ta bi ta zoben RCA ta ratsa cikin rediyo, layin da aka yi don ɗan sigina ya ɗauki lodin da ya fi ƙarfinsa. Wato at ɗin nan ita ta haifi matsala ta biyu. Ana iya naɗa waya a zoben a ɗaure a jikin rediyo a wuce wurin, mutane da yawa haka suke yi kuma yana aiki, amma ya ba ni shawara in kai wa mai gyaran rediyo. Washegari na kai, aka buɗe, aka nuna mini wurin da gilashin ƙara girma, ɗan baƙin tabo bai kai ƙwayar gero ba. Aka yi soda, 5,000, na jira kamar awa biyu. In da a ce an gyara rediyon ba a gyara at ba, da ya sake ƙonewa cikin mako.

Rana ta uku aka mayar da rediyo, aka kuma gyara shimfiɗar wayoyi. Mai aikin farko ya haɗa wayar wuta da RCA da 'yar shuɗiyar wayar da ke tada amfilifaya ya naɗe su da salatif wuri ɗaya, duk ta gefen direba. Aka bar ta wuta a gefen direba tunda batir a can yake, aka bi da sabuwar RCA mai mita 5 ta gefen fasinja, inda dole su haɗu a but aka sa suka gitta juna maimakon su jera. Masana suna gardama kan ko wannan rabuwar tana da tasirin da ake faɗa; ni abin da na gani shi ne a motata ba ita ce silar ba, amma tunda an riga an ɗaga kafet babu dalilin barin su a manne. Negetib ɗin rediyo ma aka ɗauke shi daga tsohuwar wayar da aka lanƙaya masa aka ɗaure a kan ƙarfen da ke gitte bayan dashbod. Dalilin duk wannan shi ne jikin mota ba daidai yake ko'ina ba: wutar fitilu, fanka da famfon mai duk ta cikinsa suke komawa, don haka akan sami ɗan bambanci tsakanin inda rediyo ya ɗaure da inda amfilifaya ta ɗaure, RCA kuma ta zama gada a tsakaninsu. Kyawun ɗaurin kowanne shi ke rage bambancin. A nan kuma muka gano fis ɗin babbar wayar an sa shi a but, kusa da amfilifaya. Wurinsa kusa da batir ne, kada ya wuce santimita 45, domin wayar yake karewa. In ta goge ta taɓa ƙarfe a ƙarƙashin kafet, fis ɗin da ke but ba zai hana gobara ba. Dattijon ya kuma kankare silin wayar da wuƙa ya nuna mini cikinsa fari: alminiyum ne aka yi wa rufin jan ƙarfe. Tana aiki, amma ba ta ɗaukar wuta kamar jan ƙarfe zalla mai kaurinta, kuma bakinta yana saurin cin gari.

Bayan wannan kukan ya tafi, sai da daddare. In na kunna manyan fitilu da AC tare, sai in ji shi can ƙasa-ƙasa. Na koma wurin dattijon, ya ce yanzu kam a duba altaneta, ya tura ni wurin mai gyaranta. Wani yaro a wurin ya zo zai cire kan batir inji na aiki, wai in mota ba ta mutu ba altaneta lafiya lau. Kada ka yarda a yi maka wannan. Batir shi ke shanye tsallen wuta. In aka cire shi inji na juyawa, wutar tana iya haurawa ta ƙona kwamfutar mota da rediyon da ka gama gyarawa. Da mita ake yi. Mota a kashe batir ya nuna 12.5, daidai. Da aka tada ya nuna 13.9, shi ma daidai, tunda abin da ake so 13.8 zuwa 14.4 ne. Da aka kunna fitilu da fanka ya sauko 13.1. Sai maigidan ya juya mita zuwa AC ya ɗora a kan babban notin bayan altaneta: 0.6 volt. Lafiyayya takan tsaya ƙasa da 0.1 ko kusa da haka, in ta kai rabin volt to akwai dayod da ya mutu. Abin lura, ƙananan mitoci masu arha ba su iya wannan awon. In ka sa su a AC a kan batir sai su nuna maka wajen 28 ko 30, ka tsorata a banza. Altaneta mai mataccen dayod ɗaya tana ci gaba da caji, fitilar batir ma ba lallai ta kama a dashbod ba, shi ya sa ba a ganewa da wuri. Na sayo farantin dayod ɗin a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, na tafi da tsohon a hannu don a gwada ramukan noti, 20,000, aiki 7,000. Aka wanke kawunan batir da suka yi farin gari, aka kwance wayar da ta haɗa inji da jikin mota aka goge ta aka ɗaure. Awo ya dawo 0.05.

Shuuu ɗin kuwa ba shi da alaƙa da duk wannan. Maɓallin GAIN na amfilifaya aka murɗa har ƙarshe, a zaton maɓallin ƙara murya ne. Aikinsa daidaita amfilifaya da ƙarfin siginar da rediyo ke bayarwa. In ya yi yawa, duk wata 'yar hayaniya sai ta kumbura, kukan altaneta ma ya ninka. Da lissafi aka saita shi. Takardar da ta zo cikin kwalin ta ce watt 75 RMS, wato ƙarfinta na gaskiya, kowane layi a kan sifika mai ohm 4. A ninka 75 da 4 a sami 300, lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da 300 ita ce 17.3, wato volt ɗin da ake so ya fita daga kowane layi. Aka zare wayoyin sifiku, aka mayar da bas da tirebul sifili, aka kashe BASS BOOST da filtocin jikin amfilifaya, aka kai muryar rediyo kashi uku cikin huɗu, aka sa sautin gwaji mai 50 Hz, aka murɗa GAIN daga ƙasa har mita a AC ta nuna 17.3. Na wufa watt 200 ne a ohm 4, ya kama 28.3. Maɓallin bai kai ko rabi ba. Kada a yi wannan lissafin da 3000W ɗin da ake rubutawa ɓaro-ɓaro a jikin kwali. In babu takarda, dubi fis ɗin jikin amfilifaya: biyu masu 25 sun zama amp 50, sau volt 14 ya ba da 700, kuma irin wannan amfilifayar kusan rabi take zubarwa a zafi.

Jimilla na kashe 75,000: 15,000 a filta da akwatin da ba su yi amfani ba, 15,000 aikin dattijon, 4,000 waya da zobba, 9,000 RCA, 5,000 gyaran rediyo, 27,000 altaneta. Farashi yana sauyawa, amma jerin binciken ba ya sauyawa: saurare, cire caja, cire RCA daga amfilifaya, auna at, gwada da wayar salula, shimfiɗa wata RCA a kan kujeru, zaro rediyo, sannan altaneta. Abu ɗaya a lokaci ɗaya, kuma a kashe kaya kafin a taɓa RCA. Duk wanda zai yi maka aiki, sa shi ya gwada inji na aiki, fitilu da AC a kunne, murya a sifili, kafin ya rufe dashbod kuma kafin ka biya. Ka karɓi rasit, ka ajiye takardar amfilifaya.

Muryar hayaniyar ma tana faɗin gidansu. Tik-tik-tik mai sauri da ke bin totur na fulogi ne ko koyil. A duba ko fulogin masu harafin R ne a lambarsu, su ne masu hana wannan. Ɗas guda ɗaya lokacin taka birki, danna hon ko kamawar AC daga makunni ko rile, wato makunnin da wuta ke kunnawa, yake, kuma at mara kyau na ƙara shi. Bum lokacin kunna ko kashe rediyo, a duba inda aka ɗauko shuɗiyar wayar tada amfilifaya. In FM ce kaɗai ke shuuu da zarar an kunna fitila, ƙwayayen LED masu arha ne. In sai an sa waya a caji ana jin waƙa ta AUX, caja ce. Ƙarar da ke zuwa in an buɗe ƙofa ko an faɗa rami, waya ce ta karye a cikin robar da ke tsakanin ƙofa da jikin mota. Sifikar da ke karce-karce kuwa, kashe kaya ka danna takardarta a hankali da yatsu a ko'ina daidai. In ka ji tana gogar wani abu, ta ƙone.

Akwai wani zzzz da ya rage a motata duk lokacin da wufa ta buga, na kusa komawa in ce aiki bai yi ba. Na bar waƙa na fita na zagaya baya, na ɗora tafin hannu a kan lambar mota, ya tsaya. Noti biyu ne kawai ke riƙe da ita, ƙasanta yana kaɗawa a jikin but. Na yanko tsohon tiyub na liƙa a bayanta, na ƙara ɗaure notin.